Yadda Aka Yi wa Inna Mai Tukwane Kicin

A Bodinga in ka ce kana neman Rahamatu sai an tambaye ka wacce daga ciki, don suna da yawa. In kuwa ka ce Inna Mai Tukwane, kowane mai kabu-kabu zai sauke ka a ƙofar gidanta ba tare da ya tsaya tambaya ba. Gajeruwar mace ce mai kauri, idonta kullum da ɗan ja-ja saboda hayaƙi. An daɗe ba a yi wani bikin kirki a unguwarsu ba sai da hannunta a cikin miya.

A Danchadi aka haife ta. Babanta manomin albasa ne a fadama, kakarta Kande kuma ita ke dafa wa 'yan gayya abinci duk sa'ad da aka tara mutane noma. Wurin tsohuwar ta koyi auna gishirin mutum hamsin da tafin hannu, da gane nunar shinkafa ta ƙamshi ba sai an ɗaga murfi ba. Da aka kawo ta Bodinga gidan Malam Ubaidullahi, ta tarar da wani ɗan ɗakin ƙasa a kusurwar tsakar gida ana tara kara a ciki. Ta share shi, ta kafa duwatsun murhu, ta sa aka ɗora katako biyu a bango suka zama kanta. Shekara talatin da shida tana girki a nan. Bangon ya yi baƙi ƙirin, kowace ƙusa da abin da aka rataya mata: ludayi, mara, matankaɗi, ƙullin daddawa. Manyan tukwanenta shida ne, babbar cikinsu ana ce mata Giwa, sai mutum biyu ke sauke ta daga wuta.

Malam Ubaidullahi kuwa dogo ne siriri. Ya yi shekara ashirin da takwas yana magatakarda a wani kamfanin gine-gine a Sakkwato, har kamfanin ya rufe. Ya buga takardun kwangila ba iyaka, ya kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ranar buɗe gini shi ke riƙe wa manya almakashi a faranti. Amma bai taɓa ba da kwangila da kansa ba, kuma abin yana cinsa a rai ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Da ya dawo gida ya zauna, sai ya kafa majalisa a zaure, shi da rediyonsa da abokai huɗu. Madafa kam bai taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Abinci yana fitowa daga can a kan lokaci, bai ga dalilin bincike ba.

Abin ya faro ne ranar sunan jikansu. Autarsu Mufida tana aure a cikin Sakkwato, ta haihu, suka tafi. Inna ta wuce filin da ke gefen gidan inda aka kafa murhu, don ita ce mai girkin sunan. Malam kuwa surukinsa Hamza ya ja shi zagayen sabon gida, ɗaki bayan ɗaki, har suka tura wata ƙofa. Malam ya ɗauka ɗakin shan magani ne. Fari fat, tayil a ƙasa da bango, ga wasu akwatunan katako masu sheƙi an manna sama da ƙasa.

"Baba, kicin ne," in ji Hamza. "Waɗannan su aka kira kabet."

Ya jawo wata durowa, ya ɗan tura ta ya saki. Durowar ta koma a hankali da kanta, ta rufe babu ko ƙara. Malam ya ce a sake. Aka sake. Sai ya gwada da hannunsa har sau huɗu, ana can waje ana cigiyarsa wurin addu'a.

A motar komawa bai ce uffan ba har Bodinga. Inna ta ɗauka naman rago ne ya yi masa nauyi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ya zo ya tsaya a ƙofar madafa daga waje, da sabon fayil a hammata.

"Rahamatu, na yanke shawara. Za a yi miki kicin."

Ta ɗago daga hura wuta. "Wanga da nike ciki hwa, mi na na?"

"Wagga madafa ce. Kicin daban."

"Malam, ni ban yi kuka da ita ba."

"Ai shi ya sa. Kin saba da wahala hal ba ki gane ta."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta dubi fuskarsa. Rabon da ta ga idonsa yana haske haka tun ranar da ya shigo da babur ɗinsa na farko. Ta mai da bakinta ta rufe. A ranta ta ce kwana biyu zai huce, kamar yadda ya huce da kiwon zabi.

Bai huce ba. Ya kafa kwamitin aiki mai kujera uku. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, kujera ta uku ya bar wa Inna a matsayin mai amfana, wadda ba ta da ƙuri'a. Ya aika wa kafintoci su zo su yi takara. Mutum ɗaya ya zo, kuma bayan dogon nazari shi ya yi nasara.

Sunansa Badaru, mutumin Shagari, mai fara'a, kullum da fensir a bayan kunne. An san shi da bencin makaranta, da ƙyauren shago, da gadon amare, da amalanken shanu. Bai taɓa yin kicin ba, amma wayarsa cike take da hotunansu, a wasu har ana hango ƙanƙara ta taga.

"Ranka shi daɗe, zaɓi wanda ka so," ya ce yana miƙa wayar. "Duk ina yi."

Malam ya dangwala yatsa a kan wani. Inna ta leƙo ta gefen kafaɗarsa.

"Wanga ai ya hi tsakar gidanmu girma."

"Matse shi za mu yi, Inna."

"Kwana nawa?" in ji Malam, ya zaro biro.

"Goma. In an samu tangarɗa, sha biyu."

Malam ya rubuta, Badaru ya sa hannu. Sannan ya shiga madafa da tef ɗin awo, ya fito yana tari. Da aka zo tsayin kabet na sama, ya ce Malam ya miƙa hannu a jikin bango, ya yi alama da fensir daidai inda yatsunsa suka kai. Inna tana tsaye a gefe, kanta iyakarsa ƙirjin mijin.

"Ku auna tukwanena," ta ce.

"Inna, aikin zamani ba a auna tukunya. Tukunya ita ka bin kicin."

Maganar ta yi wa Malam daɗi har ya rubuta ta a fayil.

Washegari aka kwashe kayanta kaf aka jibge a gindin darbejiya. Badaru ya buga ƙusar farko don gwaji, ƙasa ta zubo, ƙusar ta biyo ta. Ya sake bugawa a wani wuri, haka. Ya sosa kai da fensir ya ce bangon ƙasa ba zai riƙe kabet ba, sai bulo. Da aka ɗaga kwano kuma aka tarar gara ta cinye katakon rufi, in ka danna sai ya lotsa kamar burodi. Gyara ya koma rushewa. Malam bai ji haushi ba, daɗi ma ya ji, don a inda ya yi aiki duk ginin da bai kumbura ba ba a ɗaukarsa babban aiki. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta Kashi na Biyu.

Ranar da birkila ya sa diga a bangon, Inna ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Tana jin faɗuwarsa, tana jin ƙaurin tsohon hayaƙi ya cika gidan. Ba ta yi kuka ba. Amma ranar gishiri ya yi wa miyarta yawa, abin da ba a taɓa ji ba.

Daga nan girki ya koma filin Allah, a tsakiyar bazara. Iska ta kwaso garin siminti ta zuba a tukunya, awaki suka gano inda buhun gari yake. Ƙura ta shiga akwatin tufafi, ta shiga randa, ta shiga har cikin gwangwanin madarar da ba a daɗe da fasawa ba. Malam ya tauna tuwo ya ji ƙas-ƙas, ya haɗiye ya ce duk inda ake ci gaba haka ake ji.

Birkila ya gama ya tafi, mai tayil ya zo ya ce birkila bai iya aiki ba. Mai gyaran famfo ya zo ya ce su biyun duka ba su iya ba. Shi ya kafa kwanon wanke-wanke na ƙarfe da kan famfo mai walƙiya, ya sa bututu ya huda bango ya fita, ya tsaya a iska. Gidan dama 'yan ga-ruwa ke kawo musu ruwa a jarka.

"Ina ruwan zai hito?" in ji Inna.

"Ruwa Kashi na Uku ne," in ji Malam.

Shi kuwa Badaru, tun da ya tafi Shagari yanka katako ba a sake ganinsa ba. Lokacin cire albasa ne, shi ma yana da 'yar fadamarsa. Kullum da safe Malam zai kira shi, kullum amsa ɗaya ce: "Ga ni Sifawa, ranka shi daɗe, yanzu ka gan ni." Sifawa ba wata tafiya ba ce daga Bodinga, ko da ƙafa mutum ya taso da safe ya iso kafin rana ta yi zafi. Badaru ya yi kwana tara a Sifawa ta waya. Bayan nan gwaggonsa ta rasu. Bayan nan babu wutar da zai kunna inji. Bayan nan ya ce katako bai bushe ba, a ranar bazarar da ko ɗan Adam ka shanya sai ya bushe.

Kwana goma suka zama wata biyu da rabi, damina ta kawo kai. Ruwan farko ya sauko da la'asar, Inna tana tsaka da tuƙa tuwo. Wuta ta mutu, tuwo ya koma kunu. Ta tsaya a jiƙe sharkaf da muciya a hannu, tana kallon sabon ɗakin tayil da babu komai a cikinsa sai famfon da ba ya zuba. Malam yana zaure a bushe yana jin labaran duniya.

Da gari ya waye ta kira Tani, maƙwabciyarta kuma abokiyar girkinta ta shekaru. Suka jira Malam ya fita kasuwa, suka kinkimi duwatsun murhu suka kai zaure. Ko da ya dawo, Giwa tana zaune daidai inda kujerarsa take, tana tafasa.

"Rahamatu! Nan hwa majalisata ce."

"Na wucin gadi ne, Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ka rubuta Kashi na Huɗu."

Ta yi zaton hayaƙi zai kori abokansa su dame shi da ƙorafi. Ranar farko sun yi tari. Rana ta biyu suka gano cewa wanda ke zaune kusa da tukunya shi ake ba ɗanɗano, kuma ƙanzo ba ya wuce shi. Kafin sati majalisa ta tashi daga mutum huɗu zuwa sha ɗaya, har da waɗanda rabonsu da gai da Malam tun yana aiki. Shi ne ya rasa wurin zama. Fayil ɗinsa ya yi ɗigon manja. Ranar Juma'a wanda ke kusa da shi a sahu ya shinshina babbar rigarsa, bayan sallama ya tambaye shi ko miyar sure aka yi yau. Malam ya dawo gida ya rubuta wa Badaru takardar gargaɗi, ya ba direban motar Shagari. Ya rubuta ta biyu. Ta uku har da jan biro.

Ana haka aka kira Inna girkin suna a Shagari. Kafin ta tafi ta kwance igiyar shanya, ta bi tukwanenta ɗaya bayan ɗaya tana aunawa tana ƙullawa, ta naɗe ta sa a jaka. Ita da Tani suka shiga mota. Da suka sauke tukunyar ƙarshe aka raba abinci, ta wanke hannu ta tambayi inda shagon Badaru yake.

Suka same shi a ƙarƙashin rumfa yana buga amalanke, don damina ta sa manoma sun yi masa layi. Can ciki ga kabet ɗinta jibge, rabinsu babu ƙyaure, kaza tana kwanci a cikin ɗaya. Guda biyu da ya gama ya goge su ya ajiye a bakin titi don masu wucewa, har ya samu sabon aiki biyu da su. A kan benci ga takardar Malam mai jan biro, an ƙunshe ƙusoshi a ciki.

Da ya gan ta fensir ya faɗo daga kunnensa.

"Inna! Yanzu-yanzu nike shirin tasowa."

"Na sani. Kana Sifawa."

Ta kaɗe benci da gefen mayafi ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha a hankali, ta miƙa wa Tani sauran.

"An ce saura sati ukku bikin ɗiyarka Samira."

"Haka ne, Inna."

"Uwarta ta aiko mini tun da daɗewa, na amsa mata. Na ji dangin ango daga Yabo za su zo, mota-mota."

"Haka anka ce."

"To ban hwasa ba. Ka kwantar da hankalinka. Ranar ɗaurin aure, in baƙi sun zauna an shimfiɗa tabarmi, ka kira ni. Zan ce maka ga ni Sifawa, yanzu ka gan ni."

Tani ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Badaru ya tsaya da guduma a hannu. Daga yadda idonsa ya kafe, Inna ta san yana ganin surukansa zaune da faranti babu komai, yana kuma ganin abin da zai tarar a cikin gida bayan sun tafi.

"Inna, kwana huɗu."

"Kada ka gaya mini kwana. Karɓi wagga."

Ta warware igiyar. Ta nuna masa ƙullin Giwa da na sauran, ta ce kabet na ƙasa duka a cire katakon tsakiya a faɗaɗa su. Na sama kuma a sauko da su daidai hannunta. Badaru ya ce na ƙasa ba matsala, amma na sama an riga an kafa ƙarafan da za su riƙe su daidai tsayin da aka auna da hannun Malam, an kuma bi da tayil. In za a sauko da su sai an fasa bango a kira mai tayil. Ta tuna mai tayil, ta tuna mai famfo da zai biyo bayansa. Ta ce a bar su inda suke.

Rana ta huɗu, tun kafin hantsi, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Malam ya fito yana gyara hula, ya ce wa 'yan majalisa, "Kun gani? Takarda ta ukku ita ka aiki. Haka munka saba yi." Inna tana gefe ta ci gaba da tankaɗenta.

Da yake an faɗaɗa kabet, sai suka ƙi shiga ƙofa. Aka cire ƙyaure, suka ƙi. Aka ɓalle katakon ƙofar gaba ɗaya sannan suka shiga. Da aka gama ɗaurawa Malam ya je wurin durowa, abin da ya fi ɗoki. Ya tura ta ta rufe. Ya ja da baya yana murmushi. Sai durowar ta fara fitowa a hankali da kanta, babu ko ƙara, har ta buɗe duka. Birkila ya ɗan karkata daɓen ne don ruwa ya riƙa gangarewa.

"Ranka shi daɗe, na Sakkwato rufe kansu suka yi," in ji Badaru. "Wanga buɗe kanshi shika yi. Mai girki hannunta da miya, ba sai ta taɓa ba."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Wannan karon bai rubuta ba. Ya yage shafi ɗaya daga fayil, ya ninke ya cusa a gefen durowar, ta tsaya.

Aka yi bikin buɗewa ranar Asabar. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, Tani ta riƙe almakashi a faranti, Malam ya ɗauka da hannunsa ya yanke. Ya yi jawabi ya gode wa kwamiti. Mufida ta zo daga Sakkwato da jariri a baya tana ta ɗaukar hoto. Abincin bikin kuwa a zaure aka dafa shi da itace.

Kafin a watse Badaru ya karanto dokoki. Ba a hura itace a ciki, hayaƙi da zafi za su ɗaye sheƙin. Ba a daka, turmi zai fasa tayil. Ba a ɗora tukunya mai zafi a kai. Ba a kwara ruwa.

"To mi aka yi a ciki?" in ji Inna.

"Girki, Inna."

Ta gwada tsakaninta da Allah, don ba ta son ta kunyata Malam. Aka kunna mata gas, ta hau kujera 'yar tsugunno don ta kai, ta sa muciya. Tukunya ta shiga rawa a kan ƙarfe, Tani ta riƙe kunnuwanta da tsumma, kujerar ma ta shiga rawa. Wadda ta saba zama ta danne tukunya da ƙarfin kafaɗa, yau ga ta a tsaye a sama kamar mai shafa fenti. Tuwon ya fito da gudaji. Malam ya ci shiru, ya tura kwano, bai ce alamar ci gaba ba ce.

Washegari, tun bikin Samira bai zo ba kuma tsoro bai saki Badaru ba, ta kira shi da kanta. Ta nuna masa tsohon kwanon rufin da aka cire, ta nuna masa gefen sabon ɗakin. Kafin azahar ya kafa mata rumfa mai tsayi da iska, ba fayil, ba sa hannu. Ta mai da duwatsunta. Zaure ya koma hannun mai shi, majalisa ta koma mutum huɗu. Ranar bikin Samira kuma tun da sassafe Inna tana Shagari da tukwanenta shida, mutanen Yabo suka ci har suka nemi na guzuri.

Yanzu shekara biyu ke nan. In ka tambaye ta, ba ta kushe kicin ɗin. Tukwanenta suna kwana a ciki kowace da ɗakinta, ba ƙura, ba akuya, ɓera ma ya yi ta zagaye ya haƙura. A nan ake dafa wa jikoki taliya in sun zo hutu. A ƙarƙashin famfo ta ajiye bokiti da moɗa, Kashi na Uku yana nan tafe. Kabet na sama kuwa, ta zuba musu abubuwan da ba a wuni ba a nema ba: gishiri, sukari, ganyen shayi, ashana. Sai ka ji ta daga rumfa, "Malam, a miƙo mini gishiri." Zai taso daga zaure yana gunaguni, ya ɗauko, ya kai mata. Da farko yana ajiyewa ya juya. Daga baya ya fara tsayawa, har ta ajiye masa kujera a inda hayaƙi ba ya bi. Ya koyi kunna gas, don ya ce na'urar tana son mai ilimi, kuma shi ke dafa musu shayin safe.

Ciwon ya yaɗu a unguwa. Mazan da suka halarci bikin buɗewa sun koma gida da shi, matansu kuma suna zuwa wurin Inna neman shawara. Kwanan baya Uwani matar tela ta zo hankali tashe, ta ce maigidanta ya sayi fayil.

"In kahinta yac ce kwana goma, ki nemi inda za ki yi girki wata ukku," in ji Inna tana gyara itace. "Tuhwahinki na kirki ki kai gidan maƙwabta, ƙura ba inda ba ta shiga. In anka taɓa bango za a ga abin da ba a nema ba, kada ki yi mamaki. Ranar awo kuma ki tsaya jikin mai tef, ko an ce miki shinkahwa na ƙonewa kada ki matsa. Sannan ki bincika ko yana da ɗiyar da ta isa aure."

Wata safiya ta shiga ɗauko tukunya ta ji ƙaurin roba. A kan kabet ga wani faranti mai furanni an ajiye shi a inda ba a saba ba. Ta ɗaga. Ƙarƙashinsa baƙin zobe ne, daidai gindin butar shayi, sheƙin ya kumbura ya tsage. Ta leƙa tsakar gida, ta ga Malam yana hura kofinsa yana kallon sama da natsuwar da ta wuce kima.

Ta mai da farantin. Kullum in tana goge-goge takan ɗaga shi ta share ƙarƙashi, ta mayar daidai yadda yake. Jiya ma ta ji shi a waya yana gaya wa Hamza cewa aikin ya shekara biyu ko ƙwarzane babu, don shi ya tsaya a kansa da kansa.